Wi-Fi: Ƙofar da Muka Bari a Buɗe

Bayan sallar isha'i, a unguwanni da dama na Kano, Kaduna ko Maraɗi, wani sabon irin zaman majalisa ya ɓullo. Za ka ga matasa biyar ko shida sun jeru a jikin katangar wani shago ko ofis da aka rufe tun la'asar. Ba mai ce wa wani uffan, kowa ya sunkuyar da kai, hasken waya ya haske masa fuska. Babu mai shayi a wurin, babu ko benci. Abin da ya tara su yana cikin ginin: wani ɗan akwati mai ƙyafta fitila da aka tafi aka bari a kunne, yana watso intanet har bakin titi.

Yadda lambar sirrin ta fito waje ba abin mamaki ba ne. Mai shago ya ba yaronsa, yaron ya ba abokinsa, abokin ya nuna wa wani hoton nan mai kusurwa huɗu da wayoyin Android ke fitarwa, wanda da an haska shi da kyamara sai waya ta hau. Kafin mako ya zagayo rabin layin sun sani. Shi kuwa mai shago ƙorafinsa kullum ɗaya ne: "Wai ina datar nan take tafiya ne? Ko dai kamfanin ne ke cuta ta?"

Asarar data ita ce mafi sauƙi a cikin abin da zai iya samunsa. A kan wannan akwati kwamfutar da yake lissafin ciniki take, da kyamarar tsaron da ya maƙala a ƙofa, da wayar da alat ɗin banki ke shigo masa, wani lokaci har da na'urar POS. Duk wanda ya samu lambar ya shigo ɗaki ɗaya da waɗannan kayan. Akasarin yaran da ke jikin katangar ba abin da ya dame su sai ƙwallo da TikTok. Amma mutum ɗaya mai mugun nufi, da ɗan sani kaɗan, ya isa.

Yadda ya shige mana gida

Shekaru goma sha biyar da suka wuce, mai neman intanet sai ya je shagon intanet ya sayi rabin awa, ya zauna yana jiran shafi ya buɗe. Yau ɗalibi na yawo da MiFi a aljihu, magidanci ya ajiye rauta, wato irin wancan akwatin, a falo, otal da asibiti da gidan abinci kowa ya manna takarda a bango ɗauke da lambar shiga. Wanda ba shi da ko ɗaya ma zai ce wa na kusa da shi, "Don Allah ɗan kunna min hosfot."

A watan Janairun 2023 kamfanin Starlink ya fara aiki a Najeriya, ƙasa ta farko a Afirka da ta samu intanet ɗinsa na tauraron ɗan'adam. Nan da nan wata sabuwar sana'a ta bunƙasa a garuruwan arewacin Najeriya da kudancin Nijar: mutum ya sayi layi ɗaya mai ƙarfi, ya kafa eriya a saman shago, ya riƙa sayar wa jama'a da awa ko da yini, ya miƙa maka 'yar takarda mai lamba. Sana'a ce ta halal, ta kuma kai intanet inda kamfanoni suka kasa kaiwa.

A daidai wannan lokaci ne sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, har mai tumatir da mai nama suka koma karɓar tiransifa. Aljihun talaka ya koma cikin wayarsa. Wayar kuma tana hawa duk layin da ta samu.

Saƙon da ke tafiya a iska

Wi-Fi rediyo ne. Wayarka da rautar suna aika wa juna saƙo ta zangon rediyo, galibi a kan gigahaz 2.4 ko 5, saƙon kuma bai san iyakar gida ba. Yana ratsa bulo, ya tsallake katanga, ya kai mita da dama a waje. Mai eriya mai kyau zai iya kama shi daga nesa fiye da haka.

Kamar hira ce a tsakar gida: maƙwabci na ji ta kan katanga ko ba ya so, ba kuma yadda za ka san yana saurare. Mafita ɗaya ce, a yi maganar da zaurancen da ku biyu kaɗai kuka sani. Duk tsaron Wi-Fi a kan wannan ya dogara, wato a rikitar da saƙon ta yadda wanda ya kama shi a hanya ba zai fahimci komai ba.

Inda ba a yi haka ba, ko mai wucewa ma yana iya tsintar sirrinka. A shekarar 2010 kamfanin Google ya amsa cewa motocinsa masu ɗaukar hotunan tituna don taswira sun shafe shekaru suna kwasar ɓurɓushin saƙonni daga Wi-Fi na gidajen mutane da ba a kulle ba, a ƙasashe fiye da 30. An samu imel da lambobin sirri a ciki. Kamfanin ya ce kuskure ne, ya kuma biya dala miliyan 7 ga jihohin Amurka 38 a 2013. Babu wanda ya fasa ƙofar kowa a wannan lamari. Mota ce kawai ta bi layi.

Makullan da aka yi ta fasawa

Tsarin kullewa na farko, mai suna WEP, ya zo tare da Wi-Fi a ƙarshen shekarun 1990. Bai daɗe ba. A 2001 wasu masana uku, Scott Fluhrer da Itsik Mantin da Adi Shamir, suka nuna cewa lissafin da aka gina shi a kai yana da ɓaraka: duk wanda ya tara isassun saƙonni daga iska zai iya gano makullin. Cikin 'yan shekaru aikin ya koma na mintuna.

An yi gargaɗi, wasu suka ji, wasu suka yi kunnen uwar shegu. Cikin waɗanda suka yi jinkiri har da TJX, babban kamfanin da ya mallaki kantunan T.J. Maxx da Marshalls a Amurka. A 2005 wani gungun masu kutse ƙarƙashin Albert Gonzalez suka riƙa zagayawa a mota da kwamfuta da eriya, suna neman kantunan da Wi-Fi ɗinsu ke da rauni. Suka samu a kantunan Marshalls. Daga wajen kanti suka shiga, daga kanti suka lallaɓa har cikin manyan kwamfutocin kamfanin, suka zauna fiye da shekara guda suna kwasa ba wanda ya farga. Da kamfanin ya bayyana abin a farkon 2007, lissafinsa ya nuna an sace bayanan katunan banki sama da miliyan 45. A 2010 kotu ta ɗaure Gonzalez shekara 20.

Abin lura a nan shi ne tazarar da ke tsakani. Shekara huɗu cur tsakanin ranar da masana suka ce makullin ya lalace da ranar da ɓarayin suka iso. Sabon makulli ya riga ya fito, WPA a 2003, WPA2 a 2004. Canzawa ce kawai ba a gama ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan bangon kuwa kowa ya ga tsagarsa.

WPA2 ya yi ƙarko, har yau shi ne a akasarin na'urorin da ke hannunmu. Amma masu ƙera rauta sun ƙara masa wata 'yar ƙofar gefe don sauƙaƙa wa mutane, mai suna WPS, wadda ake buɗewa da lamba takwas. A ƙarshen 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya gano cewa rautar tana duba lambar ne rabi da rabi, tana kuma nuna wa mai gwaji ko rabin farko ya yi daidai. Maimakon gwaji miliyan ɗari, sai ya zama kusan 11,000 sun wadatar, aikin 'yan awoyi. Tsofaffin rautoci da yawa har yanzu suna zuwa da wannan ƙofa a buɗe.

A watan Oktoban 2017 kuma Mathy Vanhoef na Jami'ar Leuven a Beljiyam ya bayyana wata ɓaraka a cikin shi kansa WPA2, wadda aka sa wa suna KRACK. Ta shafi kusan duk na'urar da ke hawa Wi-Fi a duniya. Manyan kamfanoni sun yi maza sun fitar da gyara ta hanyar sabunta manhaja. A nan ne abin ya fi shafarmu, domin kasuwanninmu cike suke da wayoyi 'yan gwanjo da masu araha waɗanda kamfanoninsu suka daɗe da daina aiko musu da gyara. Wayar tana kira, tana ɗaukar hoto, mai ita bai ga dalilin canzawa ba, alhali ramin na nan.

WPA3 ya fito a 2018. Shekara guda bayan nan Vanhoef da abokin aikinsa Eyal Ronen suka gano masa nasa kurakuran, aka gyara. Duk da haka shi ne mafi ƙarfi a yau, kuma duk wanda na'urarsa ke da shi ya kamata ya koma kansa.

Lambar da ke rubuce a allon shago

Maganar gaskiya, ɓarawon unguwa ba ya buƙatar ilimin Vanhoef. Lambar sirrin da muke zaɓa ita ke ba shi sauƙi. A tsarin WPA2, mai kutse zai iya kama 'yar gaisuwar da waya da rauta ke yi lokacin haɗuwa, ya tafi da ita gida, ya sa kwamfuta ta yi ta gwada lambobi har ta dace. Rautarka ba za ta ma san ana yi ba.

To me muke sawa? 12345678. Sunan shago da shekara. Sunan ɗan fari. Ko kuma wadda ta fi kowacce farin jini, lambar wayar mai gida. Lambar waya a Najeriya guda goma sha ɗaya ce, tana kama da doguwa mai wuyar cinka. Amma huɗun farko sanannu ne, 0803 ko 0806 da 'yan uwansu, saura bakwai kawai, wato gwaji miliyan goma ga kowane layi. Wannan ba komai ba ne a wurin kwamfuta. Sau da yawa ma ba sai an wahala ba, domin lambar na nan ɓaro-ɓaro a allon shagon, an rubuta ta da jan fenti.

Mota a harabar otal

Kada a ɗauka wannan matsalar ƙananan 'yan kasuwa ce kaɗai. A watan Afrilun 2018 wasu mutum huɗu suka sauka a ƙasar Holan da fasfo na diflomasiyyar Rasha. Suka yi hayar ƙaramar mota ƙirar Citroën, suka ajiye ta a harabar otal ɗin Marriott da ke birnin Hague, bayanta na fuskantar ginin da ke maƙwabtaka. Ginin kuwa hedikwatar OPCW ce, hukumar duniya mai hana amfani da makamai masu guba, wadda a lokacin take binciken gubar da aka sa wa tsohon ɗan leƙen asirin Rasha Sergei Skripal a garin Salisbury na Ingila.

Da jami'an leƙen asirin sojan Holan suka dira a kansu, sun tarar da but ɗin motar cike da kayan aiki: kwamfuta, batir, na'urar kama saƙo, da eriyar da aka lulluɓe da kwat tana kallon ginin hukumar. Manufar, in ji gwamnatin Holan, ita ce a kutsa cikin Wi-Fi ɗin hukumar a saci lambobin shiga na ma'aikata. An kori mutanen daga ƙasar a ranar, aka kuma bayyana wa duniya labarin a watan Oktoba, tare da cewa jami'an GRU ne, hukumar leƙen asirin sojan Rasha. Rasha ta musanta.

Idan ƙasa mai ƙarfin leƙen asiri irin wannan ta ga cewa hanya mafi sauƙi ita ce a faka mota a jikin katanga, ya kamata ma'aikatunmu da jami'o'inmu da asibitocinmu su tambayi kansu wa ke zaune a wajen tasu katangar. A ofisoshi da yawa, layin da baƙo ke hawa ya kalli bidiyo shi ne dai layin da kwamfutar albashi da ta bayanan marasa lafiya ke kai.

Tagwayen bogi

Akwai wata dabara da ba ta buƙatar fasa makullin kowa. Mai kutse ya kafa nasa Wi-Fi, ya raɗa masa sunan wanda mutane suka sani, na filin jirgi ko na otal ko na jami'a, ya bar shi a buɗe. Waya ba ta tantance wa ke bayan suna. Idan ta taɓa hawa layin da ba shi da lambar sirri mai wannan sunan, tana iya hawa na bogin da kanta tana cikin aljihunka.

A 2024 ma'aikatan wani jirgin sama a Ostireliya suka lura da wani baƙon Wi-Fi a cikin jirgi suna tsakiyar tafiya, suka kai rahoto. 'Yan sandan tarayyar ƙasar suka binciki kayan wani fasinja mai shekara 42 a filin jirgin Perth, suka samu ƙaramar na'urar watsa Wi-Fi da kwamfuta. An gurfanar da shi bisa zargin kafa layukan bogi a filayen jiragen Perth da Melbourne da Adelaide da kuma cikin jirage. Wanda ya hau sai shafi ya buɗe ya ce masa ya sa imel ɗinsa ko bayanan shiga shafinsa na sada zumunta kafin ya samu intanet kyauta. Mutane suka riƙa sawa da hannunsu.

Na'urar da ake wannan aiki da ita ba ta fi tafin hannu ba, ba ta kuma da tsada. Ba abin da zai hana a kafa ta a tashar mota ko ƙofar ɗakin karatu. Wanda ya ba da lambar sirrin Facebook ko Gmail ɗinsa a irin wannan shafi, abin da ke biyo baya mun saba gani: dangi da abokai su fara samun saƙo da sunansa, "Ɗan'uwa ina cikin wani hali, taimaka min da dubu ashirin, gobe zan mayar." Kafin ya ankara ya yi shelar cewa an yi masa kutse, goggo ko kawu sun riga sun tura.

Wi-Fi na gaskiya ba shi da wata hulɗa da lambar sirrin imel ɗinka, balle BVN ko lambar katin banki. Duk shafin da ya nemi ɗaya daga cikin waɗannan kafin ya ba ka intanet, ko ya ce sai ka sauke wata manhaja tukuna, ka sauka daga kansa nan take.

Akwatin da aka manta da shi

A ganina babbar ɓarakar tana nan, a abin da aka fi rainawa. Kowace rauta da kowane MiFi lambar sirri biyu gare su. Ta farko ita ce wadda kowa ya sani, ta hawa intanet. Ta biyu ita ce ta shiga ɗakin sarrafa na'urar, wanda ake buɗewa ta rubuta adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1 a waya. Tambayi masu rauta goma, da wuya ka samu biyu da suka san da wannan ta biyun. A na'urori da yawa tana nan yadda ta fito daga masana'anta, sunan shiga admin, lambar sirri ma admin.

Wanda ya shiga wannan ɗakin shi ne mai gida. Zai ga duk na'urorin da ke kan layin, zai iya korar wanda ya ga dama, zai kuma iya karkatar da hanya ta yadda idan ka nemi wani shafi sai a kai ka kwaikwayonsa.

Wani lokacin ma ba kai ake nema ba, na'urarka ake so a mayar sojan haya. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa bin intanet tana ƙwanƙwasa rautoci da kyamarorin tsaro, tana gwada sunaye da lambobin masana'anta kusan 60 kacal. Da waɗannan ta kame na'urori dubu ɗaruruwa. Ranar 21 ga Oktoba aka juya ɗimbinsu kan kamfanin Dyn na Amurka, sai ga Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka sun ƙi buɗewa ga miliyoyin mutane. Waɗanda suka rubuta manhajar matasa uku ne 'yan Amurka, sun amsa laifinsu a 2017.

Afirka ta Yamma ba ta tsira ba. A ƙarshen wannan shekarar ta 2016 wani Baturen Ingila, Daniel Kaye, ya yi amfani da wani nau'in Mirai ya afka wa Lonestar, babban kamfanin sadarwa na Laberiya, bayan wani babban ma'aikacin kamfanin da ke gogayya da shi ya biya shi. Harin ya durƙusar da intanet a sassa da yawa na ƙasar. Kotun Landan ta ɗaure shi wata 32 a Janairun 2019. Masu na'urorin da aka yi aikin da su ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Iyakar abin da suka gani shi ne intanet ya yi nauyi.

An kambama abin ne?

Ba kowa ne ya yarda hatsarin ya kai yadda ake faɗa ba, kuma masu wannan ra'ayi suna da hujja. A 2010 wani mai rubuta manhaja, Eric Butler, ya saki wata 'yar manhaja mai suna Firesheep, wadda ta ba ko wane ne damar zama a gidan shan kofi ya shige shafin Facebook na wanda ke kusa da shi da dannawa ɗaya. Abin ya tayar da hankali, ya kuma tilasta wa manyan shafuka suka fara kulle saƙonsu da kansu, tun daga wayarka har kwamfutarsu. Wannan shi ne https da ake gani a farkon adireshi. A yau, bisa alƙaluman Google, sama da kashi 90 cikin ɗari na shafukan da ake buɗewa da Chrome a kulle suke. Manhajojin banki da WhatsApp ma haka. Har hukumar FTC mai kare masu saye a Amurka ta sassauta gargaɗinta, ta ce hawa Wi-Fi na jama'a galibi ba shi da hatsari a yanzu saboda wannan dalili.

Masu wannan ra'ayi suna ƙarawa da cewa kamfanonin VPN na da riba a tsoron jama'a. Ga mu nan shaida. Lokacin da gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ɗimbin mutane suka sauke VPN na kyauta ba tare da sanin wa ke da su ba, wasu har yau suna nan a wayoyinsu. VPN yana ɓoye zirga-zirgarka daga mai Wi-Fi, amma yana miƙa ta gaba ɗaya ga mai VPN ɗin. Idan ba ka biya shi ko sisi ba, ya kamata ka tambayi kanka da me yake cin abinci.

Haka kuma yawancin kuɗin da ake kwashe wa mutane a ƙasar nan ta hanyar yaudara ake kwashewa: a kira mutum a ce daga banki ne, a karɓi lambar da aka turo masa, ko a sace waya a cire layin a yi aiki da shi. Mai cewa an zuƙe masa kuɗi ta iska don kawai ya hau Wi-Fi, in aka bi diddigi sau da yawa za a tarar akwai inda ya ba da wata lamba.

Duk wannan gaskiya ne, amma bai rufe maganar ba. Https yana kare saƙon da ke kan hanya. Ba ya hana mutum rubuta sirrinsa a shafin bogi, domin shafin bogi ma yana iya samun nasa https ɗin. Ba ya kare kyamarar tsaro mai araha, ko firinta, ko tsohuwar kwamfutar ofis da ke kan layi ɗaya da baƙo. Ba ya kuma gyara rautar da ta shekara bakwai ba a sabunta ta ba. Hatsarin ya ragu ga mai wucewa da ya hau na minti goma, ya ƙaru ga mai akwatin, wanda kullum yake ƙara rataya masa kaya.

Layin waya ma ba a bar shi ba

Ga harkar banki, datar layinka ta fi Wi-Fi ɗin da ba ka san mai shi ba aminci. Sai dai shi ma layin yana da nasa raunin. A tsohon tsarin 2G waya ba ta tantance ko turken sadarwar da ta kama na gaskiya ne, don haka ana iya kafa na bogi a ja wayoyin da ke kusa. A Jamus kuma a 2017 ɓarayi sun bi ta wata ɓaraka a tsarin SS7, wanda kamfanonin waya ke haɗuwa da juna ta kansa, suka karkatar da saƙonnin lambar tabbatarwa na banki suka kwashe kuɗin mutane. Sababbin wayoyin Android da dama suna ba da damar kashe 2G gaba ɗaya. Mazaunin birni zai iya. Mutumin ƙauyen da 2G ɗin ne kaɗai sabis ɗinsa ba shi da wannan zaɓin, nauyin kare shi yana kan kamfanoni da hukuma.

Doka da haƙƙi

Najeriya na da dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Ta haramta kutsawa cikin na'urar wani da tare saƙonsa ba da izini ba, ta tanadi ɗauri ko tara. Akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane, asibiti ne ko makaranta ko otal, alhakin tsare su. Mai otal ɗin da ya haɗa layin baƙi da kwamfutar rajista ya sani cewa doka na iya tambayarsa.

Akwai wani ɓangaren da masu rauta ba sa tunawa. Idan wani ya hau layinka ya damfari mutane ko ya aika saƙon barazana, sawun da masu bincike za su fara bi ƙofarka zai kawo su, tun da da sunanka aka yi rajistar layin. Kafin gaskiya ta fito ka sha tambayoyi.

Su kuma masu hawa layin mutane a ɓoye, a daina kiran abin wayo. Data kuɗi ce, wani ya biya da guminsa. Cin ta ba da yardarsa ba cin haƙƙi ne, ko da ba a ga abin da aka ɗauka da ido ba.

A Birtaniya, tun Afrilun 2024 doka ta hana sayar da na'urar da ke hawa intanet da lambar sirrin masana'anta mai sauƙin cinka, ta kuma wajabta wa kamfani ya faɗa wa mai saye tsawon lokacin da zai ci gaba da aiko da gyara. Hukumar sadarwa ta NCC ita ke amincewa da na'urorin sadarwa kafin a sayar da su a Najeriya. Tana da hurumin gindaya irin wannan sharaɗi, kuma lokacin yin hakan ya yi.

Abin da ke hannunmu

Kafin hukuma ta motsa, mai rauta zai iya rufe yawancin ƙofofin nan a zama ɗaya. Ya juya na'urar, a bayanta ko ƙarƙashin batir zai ga adireshin shiga. Ya canza lambar sarrafawa tukuna, sannan ta hawa, ya sa doguwar jimla ta kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da sunansa ko lambar wayarsa. Jimlar Hausa ma ta fi, tun da jerin kalmomin da masu kutse ke gwadawa galibi na Turanci ne. Ya zaɓi WPA3 in akwai, in babu WPA2, ya kashe WPS, ya duba ko akwai sabuntawa. In har WEP kaɗai na'urar ta sani, ta gama aiki, a nemi wata.

Mai shago ko ofis ya buɗe layin baƙi daban, akasarin rautocin yanzu suna da wannan, ya bar kwamfutar lissafi da kyamara da POS a nasu layin. Idan ya sallami yaro, ya canza lamba a ranar. Idan an tashi aiki, a kashe. Mai waya kuma ya hana ta hawa layi da kanta, ya goge tsofaffin sunayen da ta haddace, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da imel da Facebook.

Amma mun san mutanenmu. Alhajin da ya sayi rauta ba shi zai shiga ɗakin sarrafa ta ba, yaron da ya zo ya haɗa masa ne zai yi. Don haka kiran ya fi dacewa da ku masu sayarwa da masu haɗawa, na kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da takwarorinku na Kaduna da Sakkwato da Damagaram, da ku masu sayar da intanet da awa a unguwanni. Kada ku bar gidan mutum don kawai fitila ta yi kore. Ku zauna da shi ku canza lambobin nan biyu, ku ba shi ya rubuta ya adana, ku nuna masa inda zai ga waɗanda ke kan layinsa, kada kuma ku tafi da lambar a wayarku. Aikin bai fi na minti goma ba, yana kuma cikin amanar da ya ba ku lokacin da ya biya kuɗin haɗawa.